Soya Gyaɗa Ba Shi Ne Ƙarshen Aiki Ba: Yadda Ake Kare Ta Daga Ƙwayoyin Cuta

'Yan'uwa ɗalibai da malamanmu, shafin kimiyya na wannan fitowa ya leƙa abincin da kusan babu ranar da ba ma ci, wato gyaɗa. Akwai ta ƙulle a leda a bakin get, akwai ta a ƙuli-ƙulin da 'yan kwana ke cika akwati da shi ranar dawowa daga hutu, akwai ta a kunu, a yajin tsire, a labun kilishi da miyar taushe. Yawancinmu mun ɗauka cewa abu in dai busasshe ne ba ya cutarwa. Shi ya sa mutum zai ƙi cin wake da shinkafar da ta kwana ba a ɗumama ba, amma ya ci ƙulin da ya yi wata biyu a loka ko ɗar bai ji ba. Akwai gaskiya a wannan tunani, sai dai rabi ce. Ƙwayoyin cuta ba sa hayayyafa a kan busasshiyar gyaɗa, amma kuma ba sa mutuwa. Kwanciya suke yi su jira. Duk dabarar masu sarrafa gyaɗa, daga babbar masana'anta har zuwa mai ƙuli ta unguwa, a kan fahimtar wannan magana ta ginu.

Daga ina ƙwayar ke zuwa?

Ƙwayar da ta fi tayar wa masu sarrafa gyaɗa da danginta hankali ita ce bakteriyar da ake kira Salmonela. Sunan wani likitan dabbobi ne ɗan Amurka, Daniel Salmon, aka laƙaba mata, domin a ɗakin binciken da yake shugabanta aka ware wani irinta a 1885. Tana da iri sama da 2,500. Ɗaya daga cikinsu ita ke kawo zazzaɓin taifot, amma galibin sauran gudawa suke sawa, da murɗar ciki, da zazzaɓi, wani lokaci har da amai. Gidanta na asali hanji ne: hanjin kaji, tantabaru, shanu, awaki, ɓeraye, ƙadangaru, har da na mutum. Ta cikin kashi take fita duniya.

To ku bi gyaɗa daga gona ku ƙirga sau nawa take haɗuwa da kashi. Da ma a cikin ƙasa take 'ya'ya, ƙasar da aka zuba wa taki. In an cire ta a kan bar ta a gona ta sha iska, dabbobi na ratsawa. In an tsinke sai a shanya ta a daɓe ko a tabarma, wasu ma a gefen kwalta, kaji na tono, ƙadangaru na gudu a kai, tsuntsaye na wucewa ta sama. Ɓawo yana ba da kariya, amma lokacin ɓara ƙurar da ke jikinsa tana komawa kan ƙwayar gyaɗar. Sannan ga buhun da wataƙila ya taɓa ɗaukar abincin kaji, ga sito da ɓerayensa, ga motar da jiya ta ɗauko tumaki. Saboda haka masana'antun da suka san aikinsu ba sa ɓata lokaci wajen tambayar ko wannan buhu na ɗanyar gyaɗa yana da ƙwayar cuta. Ɗauka suke yi yana da ita, su yi aiki a kan haka.

Ba gyaɗa kaɗai ba ce. A jihar Kalifoniya ta Amurka, inda ake noma mafi yawan almon na duniya, inji ne ke girgiza bishiyar 'ya'yan su zubo ƙasa, su bushe a nan, sannan a share su a kwashe. Yazawa ma a ƙasa ake tsinto ta. Duk ɗan itacen da ya taɓa ƙasa labarinsa ɗaya ne.

Abin da bushewa ke yi, da abin da ba ta yi

Bakteriya tana buƙatar ruwa kafin ta rabu biyu ta yaɗu. Masana suna auna ruwan da ƙwaya za ta iya amfana da shi a cikin abinci da wani ma'auni daga 0 zuwa 1, inda zallan ruwa yake 1. Salmonela tana son wajen 0.94 ko sama. Soyayyiyar gyaɗa ba ta ko kai 0.5 ba. A irin wannan fari ƙwayar ba ta da halin ƙaruwa, kuma dalilin da ya sa ƙuli yake daɗewa bai lalace ba ke nan.

Amma an yi gwaji an ga tana iya zama da rai a kan busassun 'ya'yan itace da cikin niƙaƙƙiyar gyaɗa na tsawon watanni, wani lokaci fiye da shekara. Sanyi ma ba ya kashe ta. A firji ta fi daɗewa. Ba ta canza wa gyaɗa ɗanɗano, ba ta sa ta wari, ba ta sauya mata launi. Hanci da harshe ba su da abin da za su gaya maka.

Abu na biyu ya fi ban mamaki. Ƙwayar da ta bushe ta fi jure zafi nesa ba kusa ba. A cikin naman kaza, wanda yake da ruwa, da zarar tsakiyarsa ya kai digiri 74 na ma'aunin Selsiyas an gama da Salmonela. A cikin niƙaƙƙiyar gyaɗa kuwa, an ɗumama ta zuwa digiri 90 na tsawon mintuna masu yawa amma aka tarar da sauran masu rai. Dalili shi ne, zafi yana lalata sinadaran gina jikin ƙwayar cikin sauri ne idan akwai ruwa a tare. Ku tuna bambancin sa hannu a tanderun burodi na ɗan lokaci da tsoma shi a tafasasshen ruwa. Tanderun ya fi zafi a ma'auni, amma ruwan ne zai sale maka fata nan take.

Na uku, kusan rabin nauyin gyaɗa mai ne. Cikin ɗan Adam yana da ruwa mai tsami ƙwarai wanda ke kashe yawancin ƙwayoyin da muka haɗiya. Mai yana lulluɓe Salmonela ya ratsa da ita wannan shinge lafiya lau har hanji. Sakamakon haka, ƙwayoyi kaɗan a abinci mai maiƙo suna iya kwantar da mutum, adadin da a wani abincin ba zai yi komai ba. Ƙananan yara, tsofaffi, masu juna biyu da masu fama da wata doguwar jinya su suka fi jin jiki.

Wuta da lissafinta

Kowace masana'anta mai tsari tana da mataki guda da ta ware ta ce a nan ake kashe ƙwayoyin cuta. Ga gyaɗa, suya ce. Ana soya ta a zafin da ya haura digiri 140, kuma ba launi ko ƙamshi ake dubawa kawai ba. Ana rubuta zafin injin, da mintunan da gyaɗar ta yi a ciki, da kaurin shimfiɗarta a kan bel, domin in ta yi tudu ta tsakiya ba za ta ji wuta kamar ta sama ba.

'Yan ajin lissafi za su ji daɗin wannan. Wuta ba ta kashe ƙwayoyi gaba ɗaya a lokaci guda, kashi-kashi take rage su. A wani zafi, kowane ɗan lokaci tara cikin goma suna mutuwa. In an fara da 100,000, sai su koma 10,000, sai 1,000, sai 100, sai 10, sai 1. Kowane taki ɗaya sifiri ɗaya ne ya faɗi. Daga wannan lissafi abu biyu ke fitowa. Sauke gyaɗa da wuri don itace ya yi tsada yana iya barin sifiri biyu ko uku ba su faɗi ba. Kuma gyaɗar da ta zo da datti mai yawa tun daga gona tana buƙatar wuta fiye da wadda aka shanya a tamfol mai tsabta. Tsabtar shanya da kyawun suya taimakon juna suke yi.

Labarin almon ya nuna yadda wannan lissafi ya zama doka. A tsakanin 2000 da 2001 mutane fiye da 160, galibinsu a Kanada, sun kamu da Salmonela daga ɗanyen almon na Kalifoniya. A 2004 aka sake samun ɓarkewa. Daga ranar 1 ga Satumba 2007 sai aka wajabta cewa almon ɗin da za a sayar a kasuwannin Amurka da maƙwabtanta dole a bi da shi ta hanyar da za ta rage ƙwayoyin aƙalla daga 10,000 zuwa 1. Daga cikin hanyoyin da aka amince da su akwai turara shi da tururi, da tsoma shi a ruwan zafi, da soya shi a mai. Ku dubi alƙaluman: minti 2 a ruwa mai digiri 88 yana yin aikin da minti 2 a mai mai digiri 127 yake yi. Bambancin kusan digiri 40, duk saboda ɗaya akwai ruwa ɗaya babu. A nan dafaffiyar gyaɗarmu ta kaka ta samu maki, in dai an ci ta a ranar. Matsalarta ta dabam ce, tun da ta jiƙe ba ta da sauran kariyar bushewa.

Tufka da warwara

Yanzu mu zo inda aka fi yin ɓarna. Gyaɗa ta fito daga wuta tsaf. Daga nan har bakin mai ci, sau da yawa babu wata wuta kuma. Duk abin da ya hau ta bayan suya zai tafi da ita, ya yi kwanciyarsa, ya jira. A manyan ɓarkewar cutar da aka bincika, sau da dama ba injin suya ne ya gaza ba, abin da ya biyo baya ne.

A shekarar 2006, a garin Sylvester na jihar Jojiya a Amurka, akwai masana'antar kamfanin ConAgra mai yin niƙaƙƙiyar gyaɗar shafa wa burodi da ake kira Peter Pan. Daga ƙarshen 2006 zuwa 2007 mutane sama da 600 a jihohi fiye da 40 sun kwanta bayan cin ta, aka janye kayan daga kasuwa a watan Fabrairun 2007. Bayanin da kamfanin ya bayar da kansa shi ne, rufin ginin ya yi yoyo lokacin wani ruwan sama, kuma bututun kashe gobara ya fesa ruwa bisa kuskure. Danshin ya farfaɗo da ƙwayoyin da ke kwance cikin ƙurar ɗanyar gyaɗa, suka yaɗu, suka kai ga wadda aka riga aka sarrafa. Ruwan sama ne kawai, abin da a gidajenmu sai dai a tara roba a ci gaba da harka.

Bayan shekara biyu aka ga wanda ya fi muni, a wannan jiha dai, a garin Blakely. Kamfanin Peanut Corporation of America yana sayar da niƙaƙƙiyar gyaɗa a manyan mazubai ga makarantu, gidajen kula da tsofaffi, da wasu kamfanoni masu yin biskit da alewa. Tsakanin 2008 da 2009 hukumomin lafiya sun tabbatar da mutum 714 da suka kamu a jihohi 46, mutum 9 suka rasu. Kusan rabin waɗanda suka kamu yara ne. Da yake gyaɗar ta shiga cikin kayayyakin kamfanoni da yawa, sai da aka janye kaya iri sama da 3,900. Masu bincike sun tarar da rufi mai yoyo, da fumfuna, da kyankyasai, da kayan da aka gama ajiye kusa da ɗanyar gyaɗa. Sun kuma gano cewa sau 12 gwajin kamfanin da kansa ya nuna akwai Salmonela, amma aka fitar da kayan kasuwa. A watan Satumban 2015 kotu ta ɗaure shugaban kamfanin, Stewart Parnell, shekara 28.

Daga irin waɗannan abubuwa ne ƙa'idar da ake bi yanzu ta ƙara ƙarfi: a raba masana'anta gida biyu. Ɓangaren ɗanya dabam, ɓangaren soyayya dabam, da bango a tsakani. Ma'aikacin da ke sauke buhu ba ya shiga inda ake niƙa sai ya canza takalmi da riga ya wanke hannu. Shebur, tsintsiya, bokiti da amalanke kowane ɓangare da nasa, a kan ma yi musu launi dabam don kada a yi kuskure. Har iska ana sarrafawa ta riƙa busawa daga ɓangaren soyayya zuwa na ɗanya, don kada ƙura ta bi ta koma. Gyaɗa hanya ɗaya take bi, gaba kawai, ba ta waiwaye.

Inda wanki ke zama illa

Ga wani abu da zai ba malaman kiwon lafiya dariya, tun da kullum suna ce mana mu wanke. A ɓangaren soyayyiyar gyaɗa, ruwa abokin gaba ne. In ka ɗauki tiyo ka wanke injin niƙa, ruwa zai maƙale a lungu da saƙo tare da ragowar gyaɗa. Abinci ya samu, ruwa ya samu, ɗumi ya samu. A irin wannan yanayi bakteriya tana iya rubanya kanta kusan kowane minti 20. Ku buga a kalkuleta: ƙwaya ɗaya tak, cikin awa 7, ta haura miliyan 2. Washegari in an kunna inji, gyaɗar farko ta kwashe su, su bushe a cikinta, su ƙara taurin kai.

Don haka a can busasshiyar shara ake yi: kankarewa, gogewa da buroshi, zuƙe ƙura da inji, sannan a shafe da maganin kashe ƙwayoyi mai saurin bushewa. Wasu suna tura mai mai zafi ta cikin bututu ya wanko abin da ya maƙale. In dole sai an sa ruwa, a kan kwance ƙarfen a kai shi wani ɗaki, a wanke, a tabbatar ya bushe ƙayau kafin a mayar. Wanke hannu yana nan daram, sai dai a tsane shi sosai kafin a taɓa kaya.

Mu dawo gida

Babu mai ƙulin da ke da injin sarrafa iska, kuma ba a bukatar ta mallake shi. Ƙa'idojin dai su ne, kayan aikin ne suka bambanta. Mu bi aikin ƙuli daki-daki.

An soya gyaɗa a kasko, da yashi ko ba yashi. Sai a juye ta ta huce. A ina? In a tabarmar da aka shanya ɗanya ce, ko a tiren da aka tsince ta, an mayar mata da abin da wuta ta cire. Mai sana'a tana iya ware tire biyu da kwarya biyu, na ɗanya da na soyayya, ta yi wa ɗaya alama da fenti. Wannan shi ne bangonta. Sai murza da sheƙe jan ɓawon. A yi da faifai, a tsakar gida mai shara, kaji na killace. Hure ɓawo da baki al'ada ce da ya kamata a bari, domin hanci da maƙogwaron mutane da yawa masu lafiya suna ɗauke da wata bakteriyar mai suna Istafilokokas, wadda in ta samu abinci mai danshi take zuba dafin da ko tafasa ba ta lalata shi.

Sai injin unguwa, wanda a ganina shi ne wuri mafi rauni a duk tafiyar. Injin da ya markaɗa jiƙaƙƙen wake da asuba, ya markaɗa kayan miya da hantsi, aka ɗauraye shi da ruwan jarka, shi za a zuba wa soyayyiyar gyaɗa. Duk abin da muka faɗa game da ruwa a lungun ƙarfe yana nan. Inda ake da injin da aka keɓe wa gyaɗa kaɗai, ya cancanci a taka a je ko da ya fi nisa. Inda babu, gara a kai niƙa lokacin da injin ya bushe, a kuma ware ta farkon da ta fito a yi miya da ita, tun da miya za ta tafasa.

Wajen fitar da mai, ana zuba ruwan zafi kaɗan-kaɗan ana juyawa har mai ya taso. Daga wannan lokaci tunkuza ta zama abu mai danshi, agogo ya fara bugawa. Ruwan ya zama wanda ya tafasa, kuma kada a bar tunkuzar ta wuni ko ta kwana kafin a toya. Sa'ar da ƙuli ya yi ita ce yana komawa wuta karo na biyu, cikin mai mai zafi, ya fito a bushe. Ƙulin da aka yi siriri ya soyu har ciki ya fi aminci a kan mai kauri da tsakiyarsa ta rage laushi. Bayan an tsame shi kuma, dokar farko ta dawo: mazubi mai tsabta, busasshe, mai murfi.

Yaji fa? An daka ƙuli mai tsabta, an haɗa shi da barkono da citta waɗanda aka shanya a ƙasa kuma ba su taɓa ganin wuta ba, a turmin da ɗazu aka daka wani abu. Sannan a barbaɗa a kan naman da ya riga ya gasu. Kayan yaji busassu suna ɗaukar Salmonela kamar yadda gyaɗa ke yi, zafin barkono ba ya kashe ta. Ɗan soya su sama-sama a kasko kafin daka yana rage haɗarin, ga shi yana ƙara ƙamshi.

Wanda ya fi shafar mu a makaranta shi ne kwaɗo. Garin ƙuli yana iya wata guda a gwangwani ƙwayoyin cikinsa ba su ƙaru ba. Da zarar an kwaɓa shi da dafaffen zogale ko rama, an yanka tumatir da albasa, an yayyafa ruwa, fari ya ƙare. In an haɗa da ƙarfe bakwai na safe aka rufe a roba cikin zafin bazara har tashin makaranta, ku koma kan lissafin minti 20 ɗin nan. Mai sayarwar da ke zuwa da ganye dabam, garin ƙuli dabam, tana haɗawa kaɗan-kaɗan a gaban mai saye, ta fi wadda ta kwaɓo duka daga gida, ko da ta biyun ta fi fara'a. Haka kunun gyaɗa: a sha da zafinsa. Kunun aya kuwa, wanda ba a dafa shi sam, ba shi da matakin wuta ko ɗaya, don haka tsabtar ruwa da ƙanƙara ne kawai gatansa.

Saura ƙulla. Hura leda da baki don ta buɗe, lasar yatsa don a ware ta, zuba gyaɗa a kwalbar da aka wanke ba ta gama bushewa ba, hannu ɗaya na karɓar kuɗi yana kuma ɗibar gyaɗa. Kowane ɗaya ƙaramin abu ne, kuma maganinsa cokali ne ko ludayi, da haƙurin kife kwalba a rana.

Me ya sa gwaji kaɗai bai isa ba

Wani zai ce ai sai a kai ɗakin gwaji. Ana kaiwa, kuma hukumomi irin su NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, suna gwada kayan abincin da ake ƙullawa kafin su ba da lamba. Ƙa'idar da aka saba ita ce kada a samu Salmonela ko ɗaya a cikin giram 25 na abin da aka ɗiba. Amma giram 25 bai fi cikin tafin hannu ba, buhu kuwa ya kai kilo da yawa, kuma ƙwayoyin ba sa bazuwa daidai wa daida. Suna iya taruwa a kusurwa ɗaya inda ɗigon ruwa ya sauka. In gwaji ya ce akwai, to akwai. In ya ce babu, abin da ya faɗa shi ne babu a cikin wannan ɗan tafin. Laifin da aka kama kamfanin Blakely da shi ke nan: in gwaji ya nuna akwai, sai a sake ɗiba a gwada, in na biyun ya fito babu sai a yi lodi. Masana'antun kirki har ƙasan ɗaki da magudanar ruwa da ƙafafun inji suke gogowa su gwada, don su kama ƙwayar tun ba ta kai ga abinci ba.

Kada a haɗa ta da fumfuna

Akwai wata matsalar gyaɗa da aka fi jin labarinta a rediyo, wato dafin afalatokzin. Wannan ba bakteriya ke kawo shi ba, fumfuna ce da ke kama gyaɗar da ba ta bushe da kyau ba ko wadda ƙwari suka huda. An gano shi ne bayan talo-talo kusan 100,000 sun mutu a Ingila a 1960 sakamakon cin abincin da aka haɗa da gyaɗa. Yana lalata hanta a hankali. Bambancin da ya kamata ku riƙe shi ne, suya tana kashe Salmonela amma ba ta kawar da wannan dafi. Maganinsa busarwa da wuri, ajiya a wuri marar danshi bisa katako, da tsince duk ƙwayar da ta yamushe, ta yi baƙi ko ta yi ɗaci a zubar. Abin takaici, irin wannan rubabbiyar ce wasu ke saye da araha don yin ƙuli, wai ai za a soya.

In ciwo ya ɓulla a ɗakin kwana

Alamun Salmonela ba sa fitowa nan take. Suna ɗaukar daga awa 6 har zuwa kwana 6, shi ya sa mutane ke ɗora laifi a kan abincin ƙarshe da suka ci, alhali mai laifin yana cikin loka tun makon jiya. Yawanci ciwon yana wucewa cikin kwana 4 zuwa 7, kuma babban haɗarinsa ƙarewar ruwan jiki ne. A fara shan ruwan gishiri da sukari na sacet da wuri, a je asibitin makaranta, kada a sayi maganin kashe ƙwayoyi a kemis a sha da ka. In akwai jini a bayan gida, ko zazzaɓi mai zafi, ko amai ya hana shan ruwa, ko fitsari ya ɗauke, maganar babban asibiti ce ba tare da jira ba.

In ɗalibai uku ko huɗu suka kwanta a tsakanin 'yan kwanaki, shugaban ɗaki ya sanar da malamin gida ko ma'aikaciyar jinya, a tambayi kowa abin da ya ci a kwana shidan da suka wuce, har da kayan loka da aka yi ta rabawa: ƙuli, yaji, garin kwaki da gyaɗa. Abin da ake zargi a ɗaure shi a leda, a rubuta sunan mai shi da ranar da aka kawo shi, a miƙa wa ma'aikaciyar jinya. Kada a zubar, kada kuma a ba wani ya ɗanɗana don a gani.